Kafin Ka Ce Babu Sabis: Lambobin Na'urarka da Yadda Ake Gano Inda Intanet Ya Katse

  

Duk sanda waya ko kwamfuta ta ƙi shiga intanet, magana ɗaya ce a bakin kowa: babu sabis. Ita mai POS zai faɗa wa kwastoman da ke tsaye a gabansa, ita ɗalibi zai faɗa in rajistar jarrabawa ta ƙi tafiya, ita ma'aikaci zai faɗa wa maigidansa. Wani lokaci gaskiya ne, sabis ɗin ne ya ɗauke. Amma sau da dama an bar jaki ne ana dukan taiki. Mutum ya sake sayen data a kan wadda bai ƙarar ba, ya sayi sabon layi, ya kai waya a yi mata filashin har ya rasa hotunansa da lambobin mutanensa, alhali abin da ya hana shi shiga intanet bai wuce gyaran minti biyu ba. Wannan asarar ce take damuna, ita ta sa na ɗauko maganar yau.

Abin da nake so a fara riƙewa shi ne, saƙon da ya bar wayarka ba tsalle ɗaya yake yi ya faɗa Facebook ko shafin banki ba. Zango-zango yake bi, kuma kowane zango da lambar da ya san na'urarka da ita. Wanda ya san waɗannan lambobi, ya san inda ake duba su, zai iya nuna daidai wurin da tafiyar ta tsaya.

Mu fara da abin da ke kusa. In akwai rauta a gidanka ko shagonka, ko 'yar ƙaramar MiFi ɗin nan ta aljihu, ɗauko ta ka juya bayanta. Wata sai ka cire murfi ka ɗaga batir. Za ka ga farar takarda a manne, cike da ƙananan rubutu. Duba layin da aka rubuta MAC. A gabansa akwai alamomi 12, lambobi da haruffa a cakuɗe, galibi an jera su bibbiyu da ɗigo a tsakani. Ka lura, lambobin daga 0 ne zuwa 9, haruffan kuwa ba sa wuce A zuwa F. In ka ga kamar harafin O a ciki, to sifili ne. Mutane da yawa a nan suke kuskure in za su kwafa.

Wannan shi ne adireshin MAC, sunan da masana'anta ta raɗa wa sashen sadarwa na na'urar tun kafin ta bar kamfani. Asalinsa yana komawa ga tsarin Ethernet, wanda Robert Metcalfe da abokin aikinsa David Boggs suka fara haɗawa a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, a shekarar 1973. A wannan tsari kwamfutoci da dama ne a kan kebul guda, dole kowace ta san saƙon da yake nata. Yau ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce take raba waɗannan lambobi. Alamomi 6 na farko ita take bai wa kamfani, sauran 6 kamfanin ne yake lissafa wa kayansa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mai ilimin abin, da ya ga rabin farko, zai iya bincikawa ya gaya maka kamfanin da ya ƙera na'urar. Yawan adireshin da wannan tsari zai iya bayarwa ya haura tiriliyan 281, don haka ba a tsammanin na'urori biyu na ƙwarai su zo da lamba iri ɗaya. Kuma a sani, laftof ɗaya tana da fiye da guda: ta waifai daban, ta ramin da ake soka kebul daban, ta Bluetooth ma daban.

Akwai wata lamba ta biyu da ake yawan rikita ta da wannan, wato adireshin IP. Ku ɗauki misalin ɗan acaɓa. Babur ɗinsa yana da lambar da aka buga a jikin ƙarfe tun daga kamfani, duk inda ya je tana nan. Amma in ya shiga tasha da safe, 'yan ƙungiya za su yanka masa tikiti mai lamba, na ranar kawai, na tashar kawai. Lambar ƙarfe ita ce MAC, tikitin shi ne IP. Da zarar wayarka ta kama waifai, sai ta gabatar da lambar MAC ɗinta, ita kuma rauta ta ba ta aron adireshin IP na wani ɗan lokaci. A gidaje da shaguna yawanci yana farawa da 192.168. Ita kanta rautar tana riƙe da nata, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu MiFi kuma 192.168.8.1. In ka rubuta wannan a burauza, shafin sarrafa rautar zai buɗe ko da babu data ko kaɗan, domin ba ka fita daga gida ba tukuna. A cikinsa za ka ga jerin duk na'urorin da ke jan intanet ɗinka, kowace da lambar MAC ɗinta.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai wani sauyi da ya shigo 'yan shekarun nan wanda yake wahalar da mutane ba su san dalili ba. A da, waya takan nuna lambar MAC ɗinta ta asali ga duk waifai ɗin da ta ci karo da shi. Sai aka gane cewa da wannan kaɗai ana iya bin sawun mutum: yau an gan shi a wannan kanti, gobe a filin jirgi, jibi a otal. Don kare sirrin mutane, tun daga Android 10 da ya fito a 2019, da iOS 14 na wayoyin iPhone a 2020, waya takan ƙirƙiri lambar aro ta nuna wa kowane waifai, ta ɓoye ta asalin. Abu ne mai kyau, ni ina goyon bayansa. To amma ga inda yake kawo cikas.

A ce makaranta ce, ko ofis, ko cibiyar kwamfuta, inda mai kula da intanet ya saita rauta kada ta karɓi kowace na'ura sai wadda aka yi wa rajista. Malama ta zo, aka ce ta kawo lambar MAC ta wayarta. Ta shiga saitin waya, wurin bayanin waya, ta kwafo lambar da ke can, aka shigar. Ta sa kalmar sirri daidai, waya ta yi ta juyi, ta ƙi haɗuwa. A sake kwafa, a sake shigarwa, shiru. Kowa ya fara zargin wayar ko rautar. Alhali lambar da aka yi wa rajista ta asali ce, ita kuwa wayar lambar aro take miƙa wa rauta. Maganin ba wuya. A shiga saitin waifai, a taɓa sunan wannan waifai ɗin, a duba bayanansa. Lambar da aka gani a nan ita ce rauta take gani, ita za a yi wa rajista. Ko kuma a wannan wurin dai a zaɓi cewa waya ta yi amfani da lambarta ta asali a wannan waifai kaɗai, tunda wuri ne da aka amince da shi. Ga wata dabara ga masu kula da rauta: duba alama ta biyu a cikin lambar. In 2 ce, ko 6, ko A, ko E, to ba ta kamfani ba ce, ta aro ce. Kuma in aka goge waya gaba ɗaya aka mai da ita kamar sabuwa, lambar aron nan takan canza, sai an sake rajista.

Wani zai ce, to ni ma bari in kulle rautata da wannan rajistar, in huta da maƙwabta masu shanye mini data. Ba laifi, amma kada ka dogara da ita. Lambar MAC a fili take yawo a iska, wanda ya iya zai iya ganinta ya kwaikwaya. Abin da ke tsare waifai da gaske shi ne kalmar sirri mai tsawo a kan tsarin WPA2 ko WPA3, da kuma canza kalmar shiga shafin rautar daga wadda ta zo da ita. Ranar haihuwa da lambar waya ba kalmar sirri ba ce. Kuma ga masu fargaba: lambar MAC ɗinka iyakarta rautar da ka haɗu da ita. Shafukan da kake buɗewa a intanet ba sa ganinta.

Haka nan masu intanet na kebul ko na eriyar da aka kafa a saman gini. Wasu kamfanonin sukan ɗaure layin mutum da lambar MAC ta rautar da suka kafa masa. Ran da ta ƙone ka sayo sabuwa, sai ka ga fitilu duk sun kama amma intanet ya ƙi zuwa. Sabuwar lafiyarta ƙalau, kamfanin ne bai san ta ba. Kira su ka karanta musu lambar da ke bayanta.

To yanzu yaya ake bin sawun matsala? Ka fara daga jikinka ka yi gaba, kada ka fara daga nesa. Tambaya ta farko: ni kaɗai ne, ko har da sauran mutanen da ke kan wannan waifai? In wayar ɗan'uwanka tana aiki taka ba ta yi, ka cire kamfanin sadarwa daga zargi, matsalar tana tsakanin na'urarka da rauta. Duba adireshin IP da ka samu. A kwamfuta mai Windows, buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ka rubuta ipconfig, ka ba da tazara, ka sa /all. Zai nuna maka lambar MAC da adireshin IP gaba ɗaya. In ka ga adireshin ya fara da 169.254, ka riƙe wannan lamba da kyau, domin bayani ce cikakke: kwamfutar ta nemi adireshi, rauta ba ta ba ta ba, sai ta laƙaba wa kanta wanda ba ya kai ta ko'ina. A wayar Android kuwa za ka ga ta tsaya tana cewa tana neman adireshin IP, ba ta wucewa. Dalili yana iya zama kebul ya saki, ko rauta ta rikice tana son a kashe a kunna, ko kuma ta cika. Ƙananan MiFi suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, wasu 10, wasu sun ɗara haka. In yara da baƙi duk sun hau, na ƙarshe ba shi da gurbi.

In za a kashe rauta, a zare ta daga wuta, a bar ta kamar rabin minti, sannan a mayar a jira ta gama tashi. Amma a yi hattara da ɗan ƙaramin ramin nan na bayanta da ake tsikara da tsinke. Wannan ba kashewa da kunnawa yake yi ba, goge duk saitin yake yi, har da sunan waifai da kalmar sirri da bayanan da kamfani ya shigar. Kada a taɓa shi sai an san yadda za a mayar da komai.

Sai kuma abubuwan da ido yake gani amma ba a kula da su. Rautar da aka ajiye a cikin durowar ƙarfe, ko bayan firji, ko a ƙasa bayan bango mai kauri, ba za ta kai ko'ina ba. A ɗaga ta sama, a tsakiyar gida, inda iska ke ratsawa, domin zafinmu na bazara yana sa ta yi nauyi ko ta riƙa ɗaukewa. In tana da waifai iri biyu, mai 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, mai 5 ya fi gudu amma sai a kusa. Cajar da ba tata ba ma tana sa ta yi ta mutuwa tana tashi.

To a ce adireshi ya samu lafiya, 192.168 ne, waya ta nuna ta haɗu amma ta ce babu intanet. Yanzu an wuce zangon farko, matsalar tana daga rauta zuwa waje. Duba data tukuna, kuma duba irinta. Akwai datar da aka keɓe don WhatsApp da Facebook da makamantansu kawai. Mai irin wannan zai ga saƙo yana shiga, amma burauza da manhajar banki sun ƙi. A kwamfuta akwai wani ɗan gwaji mai suna ping, wanda wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta a 1983, har yau ana cin moriyarsa. Rubuta ping da adireshin rautarka. In ta amsa, rubuta ping 8.8.8.8, wanda adireshin wata na'urar Google ne. In wannan bai amsa ba, hanyar waje ce a toshe. In kuwa ya amsa amma shafuka ba sa buɗuwa da sunansu, to sashen da ke mai da suna zuwa lamba ne ya samu matsala, wanda ake kira DNS. Sai a canza shi a saiti zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Kada kuma a manta da agogo. Kwamfutar da kwanan watanta ya koma shekarun baya, shafuka masu tsaro za su ƙi buɗuwa, ta yi ta nuna gargaɗi, alhali gyara kwanan wata ne kawai maganin.

Mu koma ga masu amfani da layi kai tsaye, waɗanda su ne mafi yawanmu. A nan turken sadarwa bai damu da MAC ba. Lambobi biyu yake dubawa: ta sim, da ta wayar kanta, wato IMEI. Danna *#06# a wurin kiran waya, nan take za ta fito, lambobi 15. Waya mai sim biyu za ta nuna guda biyu. MiFi tana da tata, na'urar POS mai sim ma haka. Lambobi 8 na farko suna nuna kamfani da samfurin wayar, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta GSMA ce take kula da rabonsu. Ta ƙarshe kuwa ta tantancewa ce, da ita ake gane ko an yi kuskure wajen kwafa.

Gwajin da ya fi kowane sauƙi a nan shi ne musaya. Cire sim ɗinka ka sa a wata waya, ka sa sim ɗin wani a taka. In layinka ya ƙi aiki a ko'ina, matsalar layi ce: ko ya lalace, ko an rufe shi, kamar yadda aka rufe layuka da yawa a Nijeriya saboda rashin haɗa su da lambar NIN. Wannan sai ofishin kamfani. In kuwa kowane sim ya ƙi a wayarka, wayar ce. Danna *#06# ka gani. Filashin da ba a yi daidai ba yana iya goge IMEI, waya ta dawo ba ta da lamba, kuma turke ba zai saurare ta ba. In kira yana shiga data ce kawai ta ƙi, duba ko an ɗora datar a kan sim ɗin da ya dace, sannan duba saitin APN, wanda shi ne ƙofar da kamfani ya ware wa data.

Maganar IMEI ba ta tsaya a gyaran intanet ba. Duk sanda waya ta hau sabis, kamfanin yana ganin wannan lamba, ko da an canza sim. Da ita ƙasashe suke toshe wayoyin sata da na jabu. Kenya ta katse wayoyin jabu daga sabis a 2012, Tanzaniya ta yi haka a 2016, Birtaniya kuwa tun 2002 ta yi dokar da ta haramta sauya IMEI ba da izinin kamfani ba. Mu da ƙwacen waya ya addabi garuruwanmu, wannan lamba ita ce shaidarka in an kai ga hukuma. Kuma in za ka sayi wayar da aka taɓa amfani da ita, a Farm Centre ta Kano ne ko a kowace kasuwa, danna *#06# a gaban mai sayarwa, ka gwada da abin da ke jikin kwali, ka sa a rubuta lambar a rasit. In lambobin sun saɓa, ajiye wayar ka tafi, komai arharta. 'Yan'uwana masu gyaran waya, ina roƙonku don Allah: wanda ya kawo waya ya ce a canza mata IMEI, ba kwali ba rasit, kada ku taɓa. Wataƙila mai ita yana kwance a asibiti da sara a hannu.

Akwai kuma ranar da laifin ba na kowa ba ne a cikin gidanka. Mafi yawan intanet ɗin da muke amfani da shi ta manyan wayoyin ƙarƙashin teku yake shigowa, su sauka a Legas, daga nan a ja su ta ƙarƙashin ƙasa zuwa arewa. Ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a tekun da ke gaɓar Kodebuwa. Nijeriya da Gana da Laberiya da wasu ƙasashe suka shiga wahala, bankuna suka yi ta tangal-tangal, kuma sai da aka ɗauki makonni kafin jiragen ruwa su kammala gyara. A cikin gida ma, motar haƙa guda a wurin aikin hanya tana iya tsinke wayar da ke ciyar da gari sukutum. Alamar irin wannan a bayyane take: sandunan sabis a cike, rauta lafiya, adireshi daidai, amma maƙwabta da 'yan kasuwa duk kuka ɗaya suke yi. A irin wannan rana kada ka kashe ko sisi a kan gyara. In da hali ka koma layin wani kamfanin, in babu ka yi haƙuri.

In kuma ta kama sai ka kira kamfani, kada ka tsaya a kan cewa ba ya yi. Gaya musu na'urori nawa abin ya shafa, wace fitila ce ta yi ja a jikin rauta, wane adireshi ka samu, ka riga ka gwada sim a wata waya ko ba ka gwada ba. Mai amsa kira zai fi saurin taimakonka, kuma mai gyara ba zai caje ka kuɗin aikin da ba a buƙata ba.

Lokaci ya yi mana halinsa, jama'a. Roƙona gare ku kafin a kwanta yau: kowa ya danna *#06# a wayarsa, ya rubuta lambar da biro a takarda, tare da lambar MAC da ke bayan rauta, ya ajiye inda yake ajiye muhimman takardunsa, ba a cikin wayar ba. A taimaka wa iyaye da waɗanda ba su iya karatu ba a rubuta musu tasu.